Famfas ko ƙunzugun wanki: wanne ya fi wa mai ƙaramin ƙarfi?

Idan ciki ya tsufa aka zauna lissafin kayan haihuwa, ido kan manyan kaya yake fara sauka: gadon jariri, bahon wanka, shawul, kayan sawa. Amma waɗannan sau ɗaya ake sayensu, wasu ma aronsu ake yi, ko a gaje su daga yaron da ya girma. Abin da ke cin aljihu a hankali shi ne abin da ake ɗaura wa yaro a ƙugu, don shi ba ruwansa da an biya albashi ko ba a biya ba. Sabon jariri kan buƙaci canji sau 10 zuwa 12 a rana a makonnin farko, daga baya ya sauko zuwa 6 ko 8. Ko 8 aka ɗauka a matsayin tsaka-tsaki, shekara guda ta ba da canji 2,920, kuma yawancin yara ba sa rabuwa da ƙunzugu gaba ɗaya sai tsakanin shekara 2 da 3. A gidan da kuɗi ke shigowa da ƙyar, wannan shawara ta fi ta gado da shawul nauyi, kuma gara a yanke ta tun kafin naƙuda, lokacin da akwai sararin tunani.

Famfas kowa ya san shi. Kamfanin Procter & Gamble ya fito da Pampers a 1961, amma abin da ya mayar da shi yadda muke ganinsa yau wani garin sinadari ne da aka fara cusawa cikin audugar a shekarun 1980. Garin nan da ya sha fitsari sai ya kumbura ya daskare, ya riƙe ruwan a ciki, saman da ke taɓa fatar yaro ya zauna kusan a bushe. Duk alherin famfas daga nan yake, wani ɓangare na matsalarsa ma daga nan ne.

Ƙunzugun wanki kuwa ba iri ɗaya ba ne, kuma rashin bambance su shi ke rikita wa mutane lissafi. Akwai nafkin falle ɗaya, ƙyallen auduga ko na tawul mai kusurwa huɗu, yawanci santimita 60 kowane gefe, a ninke shi a ɗaura da fil, a ɗora wandon roba a kai. Akwai kuma na zamani da aka ɗinka da siffar famfas, mai maɓallai a gaba da aljihu a ciki inda ake tura ƙyallen da ke shan fitsari. Na farkon ya fi araha nesa ba kusa ba. Mai keken ɗinki ma tana iya yanka tsohon tawul ko zanen gado na auduga ta kalmashe bakinsa, shi ke nan. Na biyun ya fi sauƙin ɗaurawa, ko wanda bai taɓa riƙe jariri ba zai iya, amma kuɗinsa ya ninka na falle sau da yawa, kuma bushewarsa sai an yi haƙuri.

Kuɗin da ake gani da wanda ba a gani

Famfas kaɗan-kaɗan yake karɓar kuɗinsa, kowane mako, har yaro ya koyi zama a kan fo. Ƙunzugun wanki a dunƙule yake karɓar nasa tun farko, daga nan ya bar mutum da sabulu da ruwa. Shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi kan faɗa hanyar da ta fi tsada ba da son ransa ba: kuɗin ƙaramar leda ta yau akwai, kuɗin cikakken saiti a lokaci ɗaya babu. Ƙaramar ledar kuma ita ce mafi tsada idan aka raba kuɗin da yawan abin da ke ciki.

Lissafin ba ya buƙatar masani. A duba kuɗin ƙwaya ɗaya ta famfas ɗin da za a iya saye, a ninka da 56, wato canji 8 sau kwana 7. Kuɗin mako ke nan. Sai a duba kuɗin falle 24 da wandunan roba 5, waɗanda su ne za su riƙe gida idan ana wanki duk bayan kwana biyu. A matsayin misali kawai, a ce saitin ya ci kuɗin famfas ƙwaya 200, wanki kuma yana cin kwatankwacin kuɗin famfas 16 a mako. Abin da ake ragewa duk mako kuɗin ƙwaya 40 ne, cikin mako 5 saitin ya biya kansa. In kuwa na zamani aka nufa, a ce ya ci kuɗin famfas 1,000, sai mako 25 kafin a fara ganin riba, kusan rabin shekara. Kowa ya saka farashin inda yake. A mafi yawan wurare sakamakon kan fito ta ɓangaren falle, kuma idan aka samu ƙani ko ƙanwa, saitin nan zai sake aiki ba tare da an ƙara komai ba sai sabon wandon roba.

Amma takarda ba ta wanki. Tambayar da ta fi ta farashi ita ce: ruwan daga ina, kuma hannun wa?

Bari mu kalli aikin daga kusa. An cire ƙunzugu, idan da kashi a karkaɗe shi a masai, a ɗauraye, a jefa a bokiti mai murfi. Ranar wanki akwai ƙyalle 16 zuwa 20 suna jira. A fara ɗauraya da ruwan sanyi, don ruwan zafi kama tabon kashi yake yi. Sannan wanki na sosai da omo, da ruwa mai zafi in da hali. Masu injin wanki kan sa shi a digiri 60. Sannan ɗauraya har sai kumfa ta ɗauke ƙaf, domin sabulun da ya maƙale a zare shi ke cin fatar yaro. A matse, a baza a igiya. Rana tana busarwa, tana kuma koɗe ragowar tabon rawaya fiye da yadda mutum zai zata. Wannan aikin ba sau ɗaya ba ne, duk bayan kwana biyu ne, ko an yi barci da dare ko ba a yi ba, kuma bai kamata ƙazantar ta wuce kwana uku a bokiti ba.

Gidan da ruwa ke zuwa a famfo ko rijiya ke tsakar gida, wannan wahala ce da za a iya ɗauka. Gidan da ake sayen ruwa jarka-jarka, ko ake hawa da shi bene, dole kuɗin ruwan ya shiga lissafi, kuma yana iya cinye rabin ribar. Haka wurin shanya. Falle a rana mai kyau sa'o'i kaɗan yake ɗauka. Ƙyallen na zamani mai kauri yana iya yini bai bushe ba, a lokacin ruwan sama ko sanyi ma ya kwana biyu. Ɗaura wa yaro ƙyalle mai danshi don sauran ba su bushe ba, gara famfas sau goma.

A nan nake ganin ya kamata maigida ya tsaya ya yi wa kansa adalci. Sau da yawa shi ne ya fi zumuɗin ƙunzugun wanki, don shi ke fitar da kuɗin famfas, ita kuma ita ce za ta duƙa a kan baho. Idan ribar aljihunsa daga bayan matarsa za ta fito, to, ba a rage kuɗi ba, an dai canza mai biya. In zai ɗauki jan ruwa da shanya, ko akwai wani a gidan da zai kama, lissafin ya tsaya da ƙafarsa. In babu, a faɗi gaskiya tun yanzu.

Fatar yaro

Masu sayar da kowane ɓangare suna rantsuwa cewa nasu ne ba ya kawo ƙuraje. A 2006 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara binciken likitanci ta tace, ta duba wannan batu ta ce babu isasshiyar hujja mai ƙarfi da za ta nuna famfas ya fi ƙyalle hana ƙuraje, ko akasin haka. Abin da aka tabbatar shi ne yadda ƙurajen ke samuwa. Fitsari da kashi suka haɗu suka jima, ƙwayoyin cutar da ke cikin kashi suna mayar da wani sinadarin fitsari ya koma amoniya, wannan warin mai hawa ido. Fata ta jiƙe ta yi laushi, gogayya ta saɓe ta. Maganin ɗaya ne ko me aka ɗaura: canji a kan lokaci, wankewa da ruwa, busarwa, a ɗan bar wurin ya sha iska.

Bambancin yana cikin halin da kowanne ke jefa iyaye. Ƙyalle ba ya ɓoye jiƙa. Da yaro ya yi fitsari zai ji, zai yi kuka, dole a canza, kuma canjin ba ya cin kuɗi. Famfas yana ɓoyewa, kowace ƙwaya kuma kuɗi ce, sai zuciya ta fara cewa bari ya ƙara awa biyu. Wannan ba halin wata ƙasa ɗaya ba ne. A 2013 mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta buga wani bincike da aka yi a Amurka, inda kusan kashi 30 cikin 100 na iyaye matan da aka tambaya, galibinsu masu ƙaramin ƙarfi, suka ce famfas ba ya isarsu. Idan kun san aljihunku ba zai ɗauki 6 zuwa 8 a rana ba, to, zaɓin da ke gabanku ba tsakanin famfas da ƙyalle yake ba, tsakanin ƙyalle mai tsabta ne da famfas ɗin da ya yini a jikin yaro. A wannan kam ƙyalle ya yi nasara ba gardama. Kuɗin magani da zuwa asibiti kan haɗiye ɗan abin da aka rage.

Ƙyalle ma yana da nasa tarkon. Wandon roba mai matsewa yana riƙe zafi, ya bar jan zobe a cinya. Ruwan sanya tufafi laushi da ƙamshi yana toshe zare ya hana shi shan ruwa, haka man basilin da mayukan ƙuraje masu kauri. In za a shafa, a shimfiɗa siririn ƙyalle a tsakani. Sabon nafkin kuma ba ya sha sosai sai an wanke shi wasu lokuta, don haka a wanke tun kafin haihuwa. Hoda kuwa a cire ta daga jerin sayayya baki ɗaya: likitocin yara suna gargaɗi a kanta saboda jariri na shaƙar ƙurarta. Idan ƙuraje suka yi ja jawur, suka shiga cikin matsematsi, suka ƙi sauƙi bayan kwana biyu ko uku, wannan na ma'aikacin lafiya ne, ba na canza irin ƙunzugu ba.

Makonnin farko daban suke

Ko wanda ya fi kowa son ƙyalle, ina ba shi shawarar ya ɗaga wa mai jego ƙafa a farkon lamari. Kashin kwana biyun farko baƙi ne mai danƙo, fitar da shi daga auduga aiki ne. Canji ya fi yawa a wannan lokacin, barci ya fi ƙaranci, jiki bai dawo ba. Idan tiyata aka yi, ana maganar kusan mako 6 kafin ta koma ɗaukar abu mai nauyi, bokitin ruwa kuwa nauyi ne. Ba wanda ya san yadda haihuwa za ta zo, don haka shirin da ya dogara kacokan kan cewa uwa za ta tashi wanki a mako na farko shiri ne mai rauni. Ga kuma girma: na zamanin da ake cewa yana bin yaro har ya girma yawanci sai jariri ya kai wajen kilo 4 yake zama daidai, kafin nan ta cinya yake yoyo.

Cibiya takan faɗi cikin mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci ta ɗan wuce. Kafin nan, famfas ne ko ƙyalle, a naɗe bakinsa ƙasa da ita don ta sha iska, fitsari kuma kada ya taɓa ta.

Akwai wani abu da ƙyalle ya fi famfas a waɗannan kwanaki, ba a cika faɗinsa ba. Hanya mafi sauƙi ta sanin ko nono na isar jariri ita ce ƙirga fitsarinsa: daga kwana na 5, ana so a ga aƙalla ƙunzugu 6 sun jiƙe sosai cikin awa 24. A ƙyalle abin a fili yake. A famfas sai an auna da hannu, shi ya sa ungozomomi kan ce a zuba babban cokali 2 zuwa 4 na ruwa a sabo a ji nauyinsa, don a san yadda jiƙaƙƙe yake. Wasu famfas ɗin suna da layin da ke canza launi, amma ba dole ba ne a biya ƙarin kuɗi saboda shi.

Da dare famfas ne sarki. Idan yaro ya fara dogon barci, ƙwaya ɗaya mai kyau tana iya kai shi asuba in bai yi kashi ba. Ƙyalle sai an ninka biyu, kuma sau da yawa zanen gado ne ke biyan bashin. Tafiya, layin asibiti ranar rigakafi, gidan raino idan uwa ta koma aiki, duk famfas ya fi sauƙi, wasu gidajen rainon ma ba sa karɓar ƙyalle. A tambaya tun da wuri.

Idan aka kai wata 6 aka fara ba yaro abinci, wankin yakan canza fuska. Kashin jaririn da nono zalla yake sha yana narkewa a ruwa, ɗauraya ɗaya ya fita. Na mai cin abinci sai an kankare, warinsa ma daban. A daidai lokacin kuma yawan canji yana raguwa, sai abin ya zo da sauƙi ta wani gefen.

Shara ma lissafi ce. Kashin yaro yana ɗauke da cuta kamar na babba, wurinsa masai, ko daga famfas aka karkaɗe shi. Famfas kansa ba ya shiga masai, toshe bututu yake yi, ramin ma ya cika shi da wuri don ba ya ruɓewa. Inda ba a zuwa kwasar shara, famfas 50 a mako matsala ce ta gaske: ƙona shi hayaƙin roba ne, zubar da shi a fili dabbobi su yayyaga. Ta fuskar muhalli kuwa, hukumar kula da muhalli ta Ingila ta kwatanta su a 2008 ta ga kusan kunnen doki ne idan ana wanki da busarwa da inji, amma shanya a igiya, cika injin kafin a kunna, da sake amfani da ƙyallen ga yaro na biyu suna iya rage illar ƙyalle da kusan kashi 40 cikin 100. Abu biyu kuma na hatsari, kowane ɓangare da nasa: ledar famfas ba ta zama kusa da hannun jariri, bokitin jiƙo mai ruwa kuma ba ya zama inda mai rarrafe zai kai, domin ɗan ruwa kaɗan ya isa yaro ya nitse. Tara ƙyallen a bushe cikin bokiti mai murfi ya fi jiƙo aminci.

To, wanne?

Inda ruwa ke da sauƙi, akwai rana da igiya, akwai hannu na biyu, falle da wandon roba ne amsar, da ɗan famfas na dare da fita. Inda ruwa na saye ne, ɗaki ɗaya ne ba wurin shanya, ko uwa za ta koma aiki da wuri ba mai taimako, famfas ne, kuma ba abin jin kunya ba ne. Sai a mayar da hankali kan sayensa da dabara. Yawancin gidaje a tsakiya suke, kuma haɗawa ta fi musu: famfas zalla a mako 4 zuwa 6 na farko, daga nan ƙyalle da rana, famfas da dare. Ko canji 5 cikin 8 aka mayar ƙyalle, sama da famfas 1,800 ke nan ba a saya ba a shekara. Na zamani mai maɓallai ba na sa shi a gaba ga mai ƙaramin ƙarfi, sai in kyauta aka samu ko na hannu mai sauƙi. In na hannu ne, a ja robar cinya a ga tana komawa, a duba cikin ko rufin da ke hana yoyo ya tsattsage, a wanke da ruwan zafi a shanya a rana kafin ya taɓa jikin yaro.

Dabarar sayen famfas kuwa, ta farko ita ce kada a tara ƙaramin lamba. Jariri kan ninka nauyin haihuwarsa a wajen wata 5, wani ma da girmansa yake zuwa, lambar sabon haihuwa ba ta yi masa mako biyu. Leda ɗaya ko biyu ta ƙarami ta isa kafin haihuwa, da ɗaya ta lamba ta gaba. A riƙa raba kuɗin leda da yawan ƙwayoyin da ke ciki, don leda biyu na iya zama girma ɗaya a ido, adadi ya bambanta, kuma duk sanda lamba ta hau adadin raguwa yake yi. Kada a sayi katan na irin da ba a gwada ba. Araha ba ta ado, famfas ɗin da ke yoyo duk bayan awa biyu ya fi mai tsada cin kuɗi, ga wankin kaya a kai. Tishu mai laima na goge jariri a bar shi don fita, a gida auduga ko ƙaramin ƙyalle da ruwan ɗumi sun wadatar.

Ta ɓangaren ƙyalle kuma, ba sai an sayi 24 a tashi ɗaya ba. A fara da falle 12 da wandunan roba 3. In tsarin ya karɓi gidan bayan gwajin mako biyu, a ƙaro 12. In bai karɓa ba, ba a yi asara ba, falle yana zama shimfiɗar canji, abin goge tumbuɗi, tawul na wanka. Duk wannan kuma bayan an ware kuɗin awo da na haihuwa ne, har da na mota in naƙuda ta zo tsakar dare; tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, kuma kuɗin nan ba a taɓa shi don sayen ƙunzugu kowane iri. Idan 'yan'uwa da abokai suka tambayi abin da za su kawo, kada a ce ko me ya samu. A ce famfas lamba 2 ko 3, ko omo babbar leda.